Abuja da Batun Zama Jiha ta 37

Laccar da aka gabatar a Limawa, Dutse

Babban Birnin Tarayya, Abuja, shi ne kaɗai yanki a Nijeriya da mazaunansa ba sa zaɓen gwamna, ba su kuma da majalisar dokoki ta kansu. Sashe na 2 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tarayyar Nijeriya ta ƙunshi jihohi da Babban Birnin Tarayya, wato an ambace shi daban, ba a cikin jerin jihohi 36 ba. Can gaba kuma sashe na 299 ya ce a zartar da tanade-tanaden kundin a kan birnin tamkar ɗaya ne daga cikin jihohin. A tsakanin waɗannan sassa biyu gardamar take. Wasu na ganin tunda har an kai ga kwatanta shi da jiha, abin da ya rage a cika magana, a ba shi gwamna da majalisa. Wasu kuma na ganin ranar da aka yi haka, an rushe dalilin da ya sa aka baro Legas tun farko.

Bambancin yana fitowa fili a lokacin zaɓe. Mai katin zaɓe a mazaɓar Limawa kujeru bakwai yake jefa wa ƙuri'a: kansila, shugaban ƙaramar hukumar Dutse, ɗan majalisar jiha, gwamna, ɗan majalisar wakilai, sanata da shugaban ƙasa. Takwaransa na Kwali ko Bwari biyar gare shi. Biyun da ya rasa kuwa su ne suka fi kusa da rayuwarsa ta yau da kullum, domin a duk faɗin ƙasar nan gwamna da majalisar jiha ne ke riƙe da maganar fili, makarantar sakandare, babban asibiti, ruwan famfo da hanyoyin karkara.

Nijeriya ta taɓa mayar da yankin babban birninta jiha, kuma abin mamaki ne yadda masu muhawarar yau ba su cika waiwayar wannan tarihi ba. Legas, wadda ake kira Ikko, ita ce hedikwatar ƙasa tun haɗewar Arewa da Kudu a 1914. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya saka ta cikin Yankin Yamma. Shugabannin Arewa da na Gabas ba su gamsu da hakan ba. Damuwar Arewa a fili take: ta tashar jiragen ruwan Legas gyaɗa da auduga da fatu ke fita waje, bai kuwa dace ƙofar kasuwancin ƙasa baki ɗaya ta zama a hannun gwamnatin yanki guda ba. A 1954 aka zare Legas daga Yamma aka mayar da ita yankin tarayya, daga baya kuma aka yi mata ma'aikata tata a gwamnatin tsakiya. A Jamhuriya ta Farko Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, mahaifin Shehu da Umaru, shi ne ya riƙe muƙamin Ministan Harkokin Legas. Yankin ɗan ƙarami ne, tsibirin Ikko da Ikoyi da Apapa da Ebute Metta da Yaba da Surulere. Mushin da Ikeja, inda talakawa masu aiki a cikin birni ke kwana, suna ƙarƙashin gwamnatin Yamma da ke Ibadan, ga kuma birni ɗaya da hukumomi biyu da ba sa ga maciji da juna.

Ranar 27 ga Mayu 1967, ƙasa na bakin yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba ta jihohi 12. A ranar aka haifi Jihar Kano, wadda Dutse da Haɗejia da Gumel da Kazaure ke cikinta, a ranar kuma aka haɗa yankin tarayya na Legas da Ikeja da Badagry da Epe da Ikorodu aka yi Jihar Legas, Mobolaji Johnson ya zama gwamnanta na farko. Mutanen Legas sun samu abin da suka daɗe suna nema. Sai dai birnin ya koma mai iyayen gida biyu, shi ne hedikwatar tarayya, shi ne kuma hedikwatar jiha, kowace gwamnati na neman fili da ofisoshi da gidajen ma'aikata a kan ɗan tsibirin da ruwa ya kewaye. Kuɗin mai na farkon shekarun 1970 ya ƙara cika shi da mutane da motoci har numfashi ya yi wuya.

Wannan ce matsalar da Janar Murtala Ramat Muhammed ya tarar. A watan Agusta 1975 ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma cikin abin da aka ɗora masa har da duba ko ya dace Legas ta ci gaba da ɗaukar kaya biyu. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disamba, ya ce a tashi. Ranar 3 ga Fabrairu 1976, a jawabin da ya ƙara yawan jihohi zuwa 19, Murtala ya sanar da sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka kuma kafa shi da Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara. Kwana goma bayan nan aka kashe shi. Manufar da ya bari ita ce a samu wurin da babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne, babu kuma gwamnan da zai yi wa gwamnatin tarayya iyaka a cikin gidanta. Saboda haka aka yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, fiye da ninki biyu na Jihar Legas, daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kaso mafi tsoka daga Neja, aka kuma damƙa mallakar ƙasar duka ga gwamnatin tarayya.

Sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali masarautar Zage-zagi ce. Da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa wajajen Zuba, ƙanensa Abubakar Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Da sabon birni ya karɓi sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, ya kuma zauna a cikin Jihar Neja, bayan an ɗebe wani babban sashe na ƙasar masarautarsa.

A nan ne kuskuren farko yake, shi ne kuma tushen koken da ake ji har yau. An yi lissafi kamar wurin daji ne da babu kowa sai ɗaiɗaiku, alhali ƙasa ce mai mutane da sarakuna da kaburburan kakanni: Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana, da Egbura, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke kan takardar naira 20, 'yar wannan ƙasa ce. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a mayar da shi jihohin maƙwabta a biya shi diyya. Da aka yi binciken yawan jama'a a 1977, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, sai aka tarar da ɗaruruwan ƙauyuka, kuɗin tayar da su ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda ginin birni ya taɓa kai tsaye su kaɗai za a tayar, saura su zauna. Mutanen Wuse aka kai Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu daga baya aka kai su Kubwa da Apo. Mafi yawa suka zauna a inda suke.

An sauya shawara, amma ba a sauya doka ba. Dokar da aka rubuta domin ƙasar da za a kwashe mutanenta ita ce ta ci gaba da aiki a kan ƙasar da mutanenta ke zaune. Sashe na 297 na kundin yau ya maimaita cewa duk ƙasar Babban Birnin Tarayya ta gwamnatin tarayya ce, kotuna kuma sun fassara wannan da cewa babu haƙƙin mallaka na gargajiya a cikinta. Manomin Kudai ko na Sakwaya a nan Dutse, gonar da ya gada doka ta san da ita, in gwamnati na so sai ta bi ƙa'idar karɓa. Manomin Kuje yana noma gonar kakansa ne a kan filin da tun 1976 takarda ta ce ba nasa ba ne, wata rana kuma yana iya wayar gari ya ga an kafa duwatsun awo, wani daga nesa ya zo da takardar mallaka mai sa hannun minista. Mutanen da suka tsinci kansu ba jiha kwatsam, ba tare da an tambaye su ba, zamansu ya zama irin na ɗan riƙo: ana ci da shi, ana tufatar da shi, amma ba a shawara da shi a kan abin da mahaifinsa ya bari.

Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Tsarin da ake tafiya a kansa yanzu yana cikin sassa na 297 zuwa 304. Ikon da gwamna ke da shi a jiha, a Abuja yana hannun Shugaban Ƙasa, shi kuma yana iya danƙa shi ga minista. Ikon majalisar jiha yana hannun Majalisar Tarayya. Akwai Babbar Kotu, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da ta Gargajiya, kamar kowace jiha. Akwai ƙananan hukumomi shida, Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni, su ne ke cika lissafin 774 na ƙasa. Daga 2015 an yi wa yankin hukumar tara haraji tasa. Duk kayan aikin jiha suna nan, kenan, ban da waɗanda jama'a ke kama shugaba da su.

Ministan Abuja ba a zaɓe shi ba, ba a kuma sharɗanta ya fito daga yankin ba. Majalisar Dattawa tana tantance shi a matsayin minista kawai, galibi ba ta ma san ma'aikatar da za a ba shi ba. Tun daga Mobolaji Ajose-Adeogun a 1976, zuwa Mamman Vatsa, Jeremiah Useni, Nasiru el-Rufa'i, Bala Muhammad, Muhammad Musa Bello, har Nyesom Wike da ya hau a watan Agusta 2023, babu ɗan asalin yankin ko guda da ya riƙe kujerar. A cikinsu akwai waɗanda suka yi aiki tuƙuru, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya yi da kyau da wanda ya yi rusau ba tausayi, duk mutum ɗaya suke wa bayani, wanda ya naɗa su. Mazaunin Mpape ko Gwagwa ba shi da ranar da zai saka wa na kirki da ƙuri'a ko ya kayar da wanda ya cuce shi.

Lissafin majalisa ya fi wannan ban tausayi. 'Yan Majalisar Tarayya 469 ne, sanatoci 109 da wakilai 360. Abuja na da sanata ɗaya da wakilai biyu. Jigawa na da sanatoci uku da wakilai 11. Tunda wannan majalisa ce ke zartar da kasafin kuɗin Abuja da dokokinta, ma'anarsa mutanen Jigawa na da ƙuri'a 14 a kan yadda za a kashe kuɗin asibitin Kwali, mutanen Kwali da sauran maƙwabtansu suna da uku. Ɗan majalisa mai wakiltar Dutse da Kiyawa ba laifinsa ba ne in hankalinsa ya fi karkata ga mazaɓarsa, don ita aka aiko shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, masu ɗakin kuwa su ne marasa rinjaye. Ba a kuma iya cewa don mutanen ba su da yawa ne. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum miliyan 1.4, ya kuma bunƙasa ƙwarai tun daga lokacin. A zaɓen 2023 masu rajista a Abuja sun haura miliyan ɗaya da rabi, sun fi na Bayelsa, sun fi na Ekiti, kowacensu kuwa tana da gwamna da majalisa da sanatoci uku. A gyaran kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, Abuja ba ta da baki sam. A rabon guraben aikin tarayya kuma kason 'yan asalinta kashi 1 ne cikin 100, na kowace jiha bai gaza biyu da rabi ba.

Kotuna sun taɓa batun sau biyu a 'yan shekarun nan. A watan Janairu 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da lauya Musa Baba-Panya ya shigar, ta yanke cewa 'yan asalin Abuja na da haƙƙin a naɗa musu minista kamar yadda sashe na 147 ya tanadar wa kowace jiha. Sai a 2023 aka cika wannan, da naɗin Zephaniah Jisalo. Na biyun ya fi tayar da ƙura. Sashe na 134 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya. A zaɓen 2023 Peter Obi ne ya lashe Abuja, Bola Tinubu bai kai kashi 25 ba a can, masu ƙara suka ce wannan kaɗai ya isa a soke nasararsa. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi wannan fassara, ta tabbatar da cewa a wannan lissafi Abuja tamkar jiha ta 37 take, ƙuri'arta ba ta fi ta kowa daraja ba. Hukuncin daidai ne. Sai dai ya ba masu neman jiha hujjar da ba su taɓa samun irinta ba: in ƙuri'ar mutumin Abuja ba ta fi ta kowa ba, a kan me haƙƙinsa zai gaza na kowa?

Mutanen Jigawa sun fi kowa sanin amfanin jiha, domin da idonsu suka gani, kuma a shekarar da aka tare a Abuja aka ba su tasu. Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya ƙirƙiri jihohi tara, Jigawa na ciki, Kanar Olayinka Sule ya zama shugabanta na farko, a watan Janairu 1992 kuma Ali Sa'ad Birnin Kudu ya hau a matsayin zaɓaɓɓen gwamna. Kafin nan mai neman takardar ɗaukar aiki ko gurbin karatu daga Birniwa ko Gwaram sai ya niƙi gari zuwa Kano, ya bi layi a Sakatariyar Audu Bako tare da mutanen birni da suka fi shi sanin ƙofa. Dutse kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai. Abin da jiha ta kawo ya haɗa da kason wata-wata daga asusun tarayya, da majalisa mai kujeru 30, da jami'ar jiha a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, wadda aka kafa cikin shirin bai wa kowace jiha jami'ar tarayya. Ta kuma kawo abin da ya fi waɗannan: damar gyara. Gwamnatin Saminu Turaki ta rarraba ma'aikatu zuwa garuruwan masarautu, ta Sule Lamido ta dawo da su Dutse daga 2007. Ko wanne mutum ya fi so, shawara ce da 'yan jiha suka yanke, suka kuma sake ta ta hanyar zaɓe. Dutse ma ta san zafin zama hedikwata, gonakin da ke kewaye da Garu da Limawa da Takur da Danmasara sun koma unguwanni da ofisoshi. Amma wanda aka karɓi gonarsa ya san gidan ɗan majalisarsa, ya san ranar da za a dawo neman ƙuri'arsa.

Sauran ƙasashe masu tsarin tarayya sun sha fama da wannan tambaya, ba su kuma ba ta amsa ɗaya ba. Amurka ce ta fara ware babban birni, kuma tsoro ne ya sa. A 1783 sojojin da ba a biya albashi ba suka kewaye majalisar ƙasa a Filadelfiya, gwamnatin jihar ta ƙi kawo ɗauki, 'yan majalisa suka tsere daga garin. Daga nan aka ƙudurta cewa gwamnatin ƙasa ba za ta sake zama baƙuwa a gidan wata jiha ba, aka yanki fili daga Maryland da Virginia a 1790 aka gina Washinton. Mazaunanta ba su samu damar zaɓen shugaban ƙasa ba sai bayan gyaran kundi na 1961, tsarin yanzu na zaɓen magajin gari da majalisar birni kuma sai da dokar 1973. Har yau ba su da sanata, wakilinsu a majalisar wakilai ba ya jefa ƙuri'ar zartar da doka, ga shi kuwa sun kusa mutum dubu 700, sun fi jihohin Wyoming da Vermont yawa. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin mayar da birnin jiha a 2020 da 2021, ya maƙale a Majalisar Dattawa, domin kowa ya san jam'iyyar da sababbin sanatocin biyu za su fito. Birazil, wadda ta gina Brasiliya a tsakiyar ƙasa a 1960 kamar yadda Nijeriya ta yi daga baya, ta bi wata hanya: tun 1990 yankin tarayyarta ke zaɓen gwamna da majalisa, yana da sanatoci uku kamar kowace jiha, bai kuma daina zama babban birni ba. Indiya ta bai wa Delhi majalisa da babban minista a gyaran kundi na 1991, ta riƙe 'yan sanda da filaye a hannun gwamnatin tsakiya, sakamakon haka ɓangarorin biyu sun yi ta maka juna a Kotun Ƙoli a kan iyakar ikon kowa. A maƙwabciya Nijar, inda babu tarayya, Yamai tana cikin jihohi takwas na ƙasar, amma can duk gwamnoni naɗa su ake yi, don haka tambayar ba ta taso ta wannan fuska ba.

Masu adawa da mayar da Abuja jiha suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko shi ne wanda Legas ta koyar. Gwamna a Nijeriya shi ke riƙe da ƙasar jiharsa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ranar da gwamnan Abuja ya fito daga jam'iyyar adawa, gwamnatin tarayya za ta koma roƙon fili don gina bariki ko ofishin jakadanci, kamar yadda rikici ya yi ta tashi tsakanin Legas da tarayya a kan filaye da kuɗin ƙananan hukumomi bayan 1999. Na biyu, da kuɗin 'yan Nijeriya duka aka gina birnin, har da na manomin riɗi na Maigatari, to da wane dalili za a miƙa shi ga mutanen wuri ɗaya? Na uku lissafin siyasa ne. Arewa na da jihohi 19, Kudu 17, Abuja kuma a shiyyar Arewa ta Tsakiya ake ƙirga ta. Kudu maso Gabas, mai jihohi biyar a inda Arewa maso Yamma ke da bakwai, ba za ta yarda a ƙara wa Arewa ba tare da an ba ta tata ba. Akwai kuma maganar kuɗi: a yanzu kashi 1 cikin 100 da ake ware wa Abuja daga cikin kason tarayya yake fita, in ta zama jiha kuwa za ta shigo cikin kashi 26.72 da jihohi ke rabawa, kowace jiha, har da Jigawa, sai kasonta ya ɗan ragu.

Ko da an shawo kan waɗannan, ƙofar doka a ƙuntace take. Sashe na 8 ya sharɗanta buƙata daga kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya da majalisar jiha da ƙananan hukumomi, sannan ƙuri'ar raba gardama, sannan amincewar mafi yawan jihohi, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya. Abuja ba ta ma da majalisar jihar da sashen ke magana a kai. Tun bayan Yankin Tsakiyar Yamma a 1963 babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiri jiha, duk sauran da dokar soja aka yi su, na ƙarshe a 1996 zamanin Abacha. A watan Fabrairu 2025 Majalisar Wakilai ta karanto buƙatun sababbin jihohi 31, na Abuja na ciki, kuma masu fafutukar jihar Haɗejia sun san tsawon wannan layi. Abin da bai kai jiha ba ma ya gagara: ƙudurin samar da zaɓaɓɓen magajin gari ga Abuja ya faɗi a gyaran kundi na 2022.

Akwai wani abu da masu neman jihar kansu ya kamata su tsaya su duba da kyau. Koke biyu ne aka cakuɗa. Ɗaya na mazauna ne baki ɗaya, ma'aikaci daga Inugu da ɗan kasuwa daga Ringim da duk wanda ya yi shekaru a birnin yana biyan haraji, abin da suka rasa ƙuri'a ce. Ɗaya kuma na 'yan asalin ƙasar ne, abin da suka rasa gona ce da matsayi. Jiha tana maganin na farko, ba lallai ta yi maganin na biyu ba. Sashe na 177 bai sharɗanta gwamna ya zama ɗan asalin jiha ba, baƙi kuma sun riga sun rinjayi 'yan ƙasa a cikin birni da kewayensa. Zaɓen sanata na 2023 ya nuna haka, lokacin da Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda, ɗan Gbagyi da ke kan kujerar tun 2011. Yana yiwuwa a samu jiha, a yi biki, gwamna ya fito daga wani wuri, filaye su tashi daga hannun minista su koma hannunsa, manomin Kuje yana nan inda yake. Duk gyaran da bai taɓa sashe na 297 ba bai kai ga ciwon ba.

Shawarar raba yankin biyu, a bar wa tarayya tsakiyar birni mai kimanin murabba'in kilomita 250 da taswirar asali ta ware, a yi jiha da saura, tana da farin jini, tana kuma da aibin da aka riga aka gani. Haraji da ayyuka na cikin birni, talakawa na kwana a waje, wato Legas da Mushin na kafin 1967 za a sake. Ana ma ganin samfurinsa yanzu a Mararaba da Masaka na Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla na Neja, waɗanda ke ɗauke da ma'aikatan Abuja ba tare da kuɗin Abuja ba.

Hanyar da ta fi dacewa da tarihin wurin ta fi kusa da ta Birazil. A bar yankin ɗaya, da sunansa na Babban Birnin Tarayya, a ba shi zaɓaɓɓen shugaba da majalisa masu iko a kan ilimi da lafiya da ruwa da sufuri da kasuwanni da kasafin kuɗi, a kuma kai sanatocinsa uku. Gwamnatin tarayya ta riƙe tsaro, da filayen gindin Dutsen Aso inda fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli suke, da unguwannin ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da barikoki, a zana iyakarsu a cikin kundin kansa dalla-dalla, don kada a faɗa rikicin Delhi. A wajen wannan iyaka a amince da haƙƙin gado na ƙauyuka kamar yadda yake a Jigawa, a biya diyyar da ta maƙale tun 1976, a kuma tabbatar wa ƙananan hukumomin karkara, Abaji da Kwali da Kuje, kujeru a sabuwar majalisa ta yadda cikin birni ba zai haɗiye su ba.

Wannan hanya ba ta bi ta sashe na 8 ba, tunda ba sabuwar jiha ake ƙirƙira ba. Gyara take buƙata a sashe na 48 da ya ƙayyade yawan sanatoci, da sassa na 297, 299, 301 da 302, bisa ƙa'idar sashe na 9: kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Majalisar Dokokin Jigawa da ke nan Dutse tana cikin waɗanda za a aiko wa ƙudurin, kuma 'yan majalisarta 30 za su jefa masa ƙuri'a.